Tabon fata mai shirin komawa sankara: nawa ne kuɗin cire shi, ga mai asirans da marar asirans?

Jama'a, akwai wani ɗan tabo da ke fitowa a fata, ba ya ciwo, ba ya hana barci, ba ya hana zuwa gona, amma likitocin fata ba sa son a bar shi. A takardar likita da Faransanci za ku ga an rubuta sunansa keratoz aktinik. Ba sankara ba ne tukuna, amma hanyarta ya kama, kuma rana ce take jawo shi. Mun haɗa wannan bayani ne don gida biyu: iyalan da ke da zabiya a nan ƙasarmu, su ne abin ya fi shafa, sai kuma ƴan uwanmu na Amurka da Faransa, waɗanda wani lokaci su ne marasa lafiyar, wani lokaci kuma su ne ake bugo wa waya a ce a aiko da kuɗin magani.

Kafin mu shiga lissafi, a gyara wani abu guda. Inda duk muka ce dala a nan, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Dalar Amurka tana hawa tana sauka, a shekarun nan tana yawo tsakanin sefa 550 da 650, don haka za mu riƙe 600 don sauƙin ƙirga. Yuro kuwa farashinta a tsaye yake, sefa 655 da ƴan ɗigo. Jika kuma kun san ta, sefa dubu ɗaya.

Yadda ake gane shi

Sau da yawa hannu yana riga ido ganin shi. Mutum ya shafa goshi ko kunne sai ya ji wani wuri da kaushi, irin kaushin dunduniya lokacin hunturu. Ƙarami ne, da yawa ba su wuce faɗin ƙwayar wake ba, ja-ja ko ruwan ƙasa, da ɗan ɓawo a kai. Ka ɓamɓare ɓawon, bayan kwana kaɗan ya dawo. Wuraren da rana ke bugu su ne gidansa: goshi, hanci, kumatu, saman kunne, ƙeya, tsakar kai ga mai sanƙo, bayan hannu, da leɓen ƙasa. Na leɓe yana zuwa kamar tsagewar da ba ta warkewa ko an shafa man kaɗe.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, hasken rana na shekara da shekaru ya lalata ƙwayoyin saman fata, sai suka fara haihuwa ba bisa ƙa'ida ba. Muddin suna sama-sama, aikin minti kaɗan ne a kashe su. In suka nutsa ƙasa, sunan ya canja, ya zama sankarar fata, wadda take iya cin nama da ƙashi har ta bi jiki. Ba kowane tabo ne ke kaiwa can ba. Wasu ma suna ɓacewa da kansu. Matsalar ita ce babu likitan da zai dubi tabo goma ya ce maka wannan ne zai rikiɗe, wancan ba zai rikiɗe ba. Shi ya sa ake cire su duka.

Alamun da ke nuna an fara makara: tabon ya yi tauri a ƙasa kamar an binne tsakuwa, yana girma da sauri, yana jini, ya fashe ya zama miki, ko ya fitar da wani abu mai tsini kamar ɗan ƙaho. Wannan ba na jiran bayan girbi ba ne.

Su wa abin ya shafa a cikinmu

A Turai da Amurka wannan cutar tsofaffin fararen fata ce, manoma da masu gini da masu kamun kifi waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu cikin rana. Mu baƙaƙen fata Allah ya ba mu garkuwa, wato sinadarin melanin da ke ba fata launi, shi ya sa ba kasafai muke samun irin wannan tabo ba. Amma zabiya ba shi da wannan garkuwa. Abin da Bature ke gani yana da shekara sittin, yaron zabiya a ƙauyenmu yana iya ganin shi tun bai gama makarantar firamare ba, musamman in shi ne ke kiwo ko talla da tsakar rana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nanata cewa sankarar fata ce ke kashe zabiyoyi da yawa a Afirka kafin su kai shekara 40. Ita ce kuma ta ware 13 ga Yuni ta zama ranar zabiya ta duniya, aka fara bikinta a 2015.

Baƙar fata ma ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba, sai dai tata ƙofar daban ce. A wurinmu sankarar fata ta fi fitowa a tsohon tabon ƙuna, ko gyambon da ya yi shekaru bai warke ba, ko kuma baƙin ɗigo a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce da ke ta faɗaɗa. Sai kuma mata da ƴan mata masu shafa man bilicin: likitocin fata a Dakar sun ba da labarin matan da suka kamu da sankarar fata a wuya bayan shekaru masu yawa suna shafe-shafen nan. Wanda ke shan maganin rage ƙarfin garkuwar jiki bayan dashen ƙoda shi ma yana cikin waɗanda ake sa wa ido.

Akwai kuma wani abu da ke tsorata mutane a banza. Ƙananan baƙaƙen ƙurajen nan masu laushi da ke fitowa a kumatu da gefen ido in mutum ya fara manyanta, waɗanda za ka ga uwa tana da su, ɗiya ma tana da su, ba hanyar sankara ba ne. Gado ne. Ku riƙe wannan, don zai dawo in mun zo maganar asirans.

Hanyoyin cirewa

Farashi yana bin hanya, don haka sai an san hanyoyin.

Ta farko kuma wadda aka fi yi ita ce ƙona tabon da sanyi. Ana amfani da ruwan azot, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Likita ya fesa ko ya ɗiga da auduga na daƙiƙa kaɗan, ana jin zafi kamar harbin zuma, wurin ya yi bororo, ya yi ɓawo, cikin mako ɗaya zuwa uku ya warke. Ba allurar barci, ba ɗinki, ba kwanciya. Mutum ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. Ruwan azot kansa ba shi da tsada sosai. Wahalarsa ita ce ajiya: yana tsiyayewa ya bi iska ko a cikin tulunsa na musamman, balle a zafinmu na watan Afirilu. Wannan ne ya sa ba za ka same shi a likitar ƙauye ba, sai inda ake da likitan fata, ko lokacin da ayarin likitoci ya zo da tulunsa.

Ta biyu man shafawa ne, kuma shi ake zaɓa in tabon ya yi yawa, ya cika goshi ko hannu. Mafi daɗewa shi ne fluorouracil, ana gajarta shi 5-FU, ana shafawa sau biyu a rana, mako biyu zuwa huɗu. A gaya wa mai shafawa tun farko: fatar za ta yi ja, ta kumbura, ta saɓule, har mutane su ce maganin ne ya ƙara masa ciwo. Aikinsa ke nan, ba ɓaci ba ne. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, kuɗi ya tafi, magani bai gama aiki ba. Mace mai ciki ba ta shafa shi, kuma a ɓoye shi daga yara da dabbobin gida, don kare in ya lashe shi yana iya mutuwa. Akwai kuma imiquimod, da man diclofenac na musamman wanda ake shafawa wata biyu zuwa uku.

Ga wani abu da ya kamata mai biyan kuɗi ya sani. A 2019 likitoci a ƙasar Holan sun fitar da sakamakon gwaji a kan marasa lafiya 624, inda suka kwatanta hanyoyi huɗu. Bayan shekara ɗaya, 5-FU ne ya zo na ɗaya, ya yi aiki ga kusan mutum 75 cikin 100. Imiquimod ya tsaya kusan 54, maganin haske kusan 38. Wato tsohon magani mai arha ya doke masu tsada. In likita ya rubuta maka shi, kada ka ɗauka ya raina aljihunka ne.

Ta uku ita ce kankarewa ko yankewa. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a kankare tabon ko a yanke shi da ɗan nama kewaye, a ɗinke. Wannan ake yi in likita yana shakka ko abin ya riga ya nutsa. Naman da aka cire ba a yar da shi. Ana sa shi a kwalba a kai ɗakin awo a duba da madubin likita, abin da suke kira biyopsi, sakamakon kuma anapat. Wannan awon kuɗinsa daban ne, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi in suna lissafi.

Maganin haske da muka ambata, inda ake shafa wani sinadari sannan a haska fitila, da kuma leza, sun fi yawa a ƙasashen waje, kuma sun fi tsada.

A nan sai mu yi wa wanzamai magana da girmamawa. Aikinsu ne kaciya da ƙaho da sauransu tun kaka da kakanni, amma wannan tabo ba nasu ba ne. Aska tana cire na sama ta bar saiwa, kuma naman da za a auna a san gaskiya ya tafi cikin ƙasa. Haka ƙona shi da ruwan batir ko toka mai kanwa. Ana mayar da ƙaramin aiki babban miki.

A nan gida Nijar

Mu faɗi gaskiya, a ƙasarmu kalmar asirans ta fi tuna wa mutum takardar mota da babur. Masu asirans na lafiya ƴan kaɗan ne: ma'aikatan bankuna, manyan kamfanoni, ƙungiyoyin ƙasashen waje, da wasu ma'aikatun da suka kafa mutuwel nasu. Asusun CNSS da ake cire wa ma'aikata kuɗi don shi yana kula da fansho, kuɗin iyali da hatsarin wurin aiki. Ba asirans ɗin rashin lafiya irin wannan ba ne. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar ɗaukar nauyi, inda gwamnati ke ɗaukar kashi 80 cikin 100 na kwanciya da awo a asibitinta, shi ya biya 20. Sauran jama'a, manomi da makiyayi da mai tebur a kasuwa, daga aljihu ne.

Akwai kyautar magani da gwamnati ta kafa tun tuni: tiyatar haihuwa a 2005, yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki a 2006, sankarar mata, wato ta nono da ta mahaifa, a 2007. Ku lura, sankarar fata ba ta cikin wannan jeri. Amma uwar da ke da jariri zabiya ta ci moriyar na yaran: kafin ya cika biyar, kai shi a duba fatarsa ba ya cin kuɗin gani a likitar gwamnati.

Sabon abu shi ne ragin da ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2024, inda aka rage rabin kuɗin ganin likita, awo, hoto, kwanciya da ayyukan tiyata a asibitocin gwamnati. Cire tabo da ƙaramar tiyata yana shiga nan. Abin da bai shiga ba shi ne kilinik mai zaman kanta, da maganin da za ka saya a farmasin gari. In ka je biya, ka biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti, ka karɓi rasit, ka dubi takardar farashi da ake liƙawa. Wanda ba shi da hali ko kaɗan, ya nemi takardar shaidar rashin ƙarfi a ma'aikatar magajin gari, ya kai ofishin taimakon jama'a na asibitin. Ana jan ƙafa wani lokaci, amma hanya ce da take akwai, kuma ba bara ba ce.

To amma duk wanda ya taɓa raka marar lafiya ya san kuɗin likita ba shi ne babban kaso ba. Likitocin fata kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu suna Yamai, inda ake da babban asibitin ƙasa, da asibitin Référence, da cibiyar fata da kuturta. Damagaram tana da asibitin ƙasa, Maraɗi tana da nata na Référence, ga asibitin Danja kusa da Maraɗi da ya daɗe yana aikin fata da kuturta, ga Galmi a jihar Tawa da aka sani da tiyata. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi sama da 650, daga Tawa sama da 500. Sai ka lissafa kuɗin mota na mutum biyu, don ba a tura marar lafiya shi kaɗai, zuwa da dawowa. Ka sa abinci, ka sa masauki in babu dangi, ka sa kwanakin da aka bar gona ko shago. In an yi biyopsi kuma akwai jiran sakamako, wanda kan sa a koma gida a sake dawowa. Sau da yawa aikin da likita ya yi cikin minti biyar, kuɗin isa wurinsa ya ninka kuɗin aikin.

Shi ya sa shawarar farko ita ce a fara daga kusa. A je CSI ko asibitin gunduma, a karɓi takardar turawa, a tambaya ko akwai ranar da likitan fata ke zuwa babban asibitin jiha. Iyalan zabiya kuma su yi rajista da ƙungiyar zabiyoyi ta ƙasa, ANAN, don ta bakinsu ake jin labarin ranakun duba fata da rabon man kariya daga rana, musamman wajen 13 ga Yuni. Irin wannan fita ta ayarin likitoci da tulun azot ita ce ta yi amfani a Mali da Tanzaniya, inda ake duba mutane da yawa a wuri ɗaya, a ƙona tabon nan take.

In aka bari ya zama sankara, lissafin ya tashi daga jikkuna ya koma wani abu daban. Babbar tiyata ce, wani lokaci da dashen fata daga cinya, kwanciyar makonni, wanke miki kullum. In ta kai ga gashi da na'ura, sai Yamai, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, inda aka buɗe sashen gashin a 2021. Gashin kuma ba na rana ɗaya ba ne, ana zuwa kusan kullum har makonni. A nan ne ake sayar da bisashe, a jinginar da gona.

Mutuwel na unguwa ko na ƙungiyar mata, inda ake zuba ɗan kuɗi duk wata, yana taimakawa, amma a karanta sharaɗinsa. Da yawansu suna biyan ganin likita da magani a CSI ne kawai, ba sa bin mutum zuwa Yamai. Kuma akwai watannin jira bayan shiga, don kada mutum ya shiga yau ya kawo ciwo gobe.

A Amurka

Ƴan uwa na Bronx da Harlem da Greensboro, ku kun san a can ba a cewa farashi ɗaya ne. Aiki guda, likita guda, mutum uku su biya kuɗi uku.

Mu fara da Medicare, asirans ɗin gwamnati na masu shekara 65 zuwa sama, don shi ne ma'aunin da sauran ke kallo. Tun 2001 Medicare ya amince zai biya cire wannan tabo ba tare da sharaɗin girmansa ko yawansa ba. Yadda ake lissafi: tabo na farko yana da kuɗinsa, wanda bai kai dala 100 ba a farashin Medicare. Daga na biyu zuwa na 14, kowane ɗaya ƙasa da dala 10 ake ƙarawa. In sun kai 15 ko fiye, kuɗi ɗaya ne dunƙule, bai kai dala 200 ba. Darasin a nan: in kana da tabo shida, a cire su a zama ɗaya. In ka rarraba su zuwa uku, sau uku za ka biya kuɗin na farko da kuɗin gani. Mai Medicare yana fara biyan kuɗin share fage na shekara, wanda ya kasance dala 240 a 2024, dala 257 a 2025, wato wajen jika 154. Bayan nan Medicare ya ɗauki kashi 80, shi ya biya 20.

Mai asirans na wurin aiki ko wanda ya saya da kansa, kalmomi uku ne ke yanke masa hukunci. Akwai kuɗin ƙofa, wato ɗan abin da kake biya duk zuwa. Akwai kuɗin share fage, wanda suke kira didaktibul: sai ka kashe wannan adadin daga aljihunka cikin shekara kafin kamfani ya fara sa hannu. Sai kuma kason da ke kanka bayan nan. Tarkon yana wurin na biyu. Direban tasi ko mai aikin sito da ya zaɓi asirans mai arha a wata, sau da yawa didaktibul ɗinsa dubban daloli ne. Irin wannan mutum yana da kati a aljihu, amma cire tabo duka shi zai biya. Ribar da ya samu kawai ita ce za a caje shi farashin da kamfani ya sasanta da likita, ba farashin allo ba. Akwai dai rufi: a 2025 doka ta ce abin da mutum ɗaya zai fitar a shekara bai wuce dala 9,200 ba, in ya tsaya ga likitocin da ke cikin jerin kamfaninsa. Ga ƙaramin tabo wannan rufi ba ya nufin komai. In abin ya zama sankara, shi ne ke tsakanin mutum da karyewa.

Tambayoyi biyu kafin a zauna a kujera: likitan yana cikin jerin kamfanina? Ɗakin awon da za a aika naman fa, shi ma yana ciki? Don takardar kuɗin awo daban take zuwa, wani lokaci bayan makonni, mutum ya riga ya manta.

Ga inda baƙaƙen ƙurajen kumatu suka dawo. Asirans yana biyan abin da likita ya rubuta cewa lalura ce. Abin da aka cire don kwalliya ba ya biya. Keratoz aktinik lalura ce, ƙurajen gado kwalliya ce. In ka je da biyun a rana ɗaya, ka tambaya wanne ke kan kamfani, wanne ke kanka.

Marar asirans, ganin likitan fata kawai yakan ci daga dala 100 zuwa 300, gwargwadon gari. A ɗora kuɗin ƙonawa, a ɗora biyopsi da awo in an yi, zama ɗaya yana iya kai ɗaruruwan daloli. Amma yana da makamai. Tun Janairu 2022 doka ta ba wanda zai biya da kansa haƙƙin a ba shi kiyasin kuɗi a rubuce kafin aiki, kuma in takardar ƙarshe ta zarce kiyasin da dala 400 ko fiye, yana iya kai ƙara a sake dubawa. Da yawan likitoci suna rage farashi ga mai biya nan take, amma sai ka tambaya, ba za su fara ba. Akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, masu caji gwargwadon abin da kake samu. Asibitocin da ba na neman riba ba dole ne su kasance da tsarin sassauci ga marasa ƙarfi. A birnin New York kuma akwai NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019, ba ya duba ko kana da takardun zama. Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi ne, sharaɗinsa ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Wajen man shafawa, ka ce a rubuta maka wanda ba na tambari ba. Fluorouracil irin wannan, da katin ragi na farmasi, yakan sauka ƙasa da dala 100. Sabon man da ake kira Klisyri, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2020, kwana biyar kawai ake shafawa, amma farashinsa ba tare da asirans ba yana haura dala dubu.

A Faransa

A nan lissafin ya fi sauƙi. Mai katin Vitale yana fara zuwa wurin likitansa na kullum, wanda kuɗin ganinsa ya koma yuro 30 tun Disamba 2024, kusan jika ashirin. Shi zai tura shi wurin likitan fata. In aka bi wannan hanya, asusun gwamnati yana mayar da kashi 70 na farashin hukuma, a cire yuro 2 da ke kan kowa, sauran kuma mutuwel ya cike. Wanda ya tsallake likitansa ya tafi kai tsaye, kashi 30 kawai ake mayar masa. Abin lura na biyu shi ne rukunin likitan: na rukuni na ɗaya yana tsayawa kan farashin hukuma, na rukuni na biyu yana ƙara nasa a sama, kuma a Paris likitocin fata da yawa na biyun ne. Ƙarin nan ba kowane mutuwel ke biya ba.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da C2S, wanda ke cike masa ragowar. Wanda ba shi da takardun zama, in ya wuce wata uku a ƙasar kuma abin da yake samu bai kai iyakar da aka sa ba, yana iya neman AME. Wanda bai da ko ɗaya ya nemi sashen PASS a asibitin gwamnati. Babbar matsalar Faransa ba kuɗi ba ce, jira ne: samun ranar ganin likitan fata yana iya ɗaukar watanni. In tabon yana jini ko yana girma, ka gaya wa likitanka ya rubuta cewa na gaggawa ne.

Ga masu aiko da kuɗi gida

In an bugo an ce ƙanenka zabiya yana da miki a kunne, kada ka tsaya ga aika kuɗi ta Nita ko Al Izza kawai. Ka ce a ɗauko hoton wurin da rana, kusa-kusa, a sa ƙwandala a gefe don a ga girmansa, a sake ɗauka bayan mako biyu. Ka ce a turo hoton takardar likita da rasit. Ka ware kuɗin mota daban, na awon nama daban, ka kuma bar wani abu don komawa, domin wannan tabo yana dawowa. Fatar da rana ta riga ta lalata tana ci gaba da fitar da sababbi, don haka zabiya yana bukatar a duba shi aƙalla sau biyu a shekara, ba sau ɗaya a rayuwa ba.

Kada ka sayi 5-FU a can ka aiko a shafa ba tare da likita ya gani ba. In abin ya riga ya nutsa, man zai warkar da sama ya rufe ɓarna a ƙasa. Abin da ya fi dacewa a sa a jaka in ana zuwa gida shi ne man kariya daga rana mai lamba 50, wanda a farmasinmu tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, ga shi ana sake shafawa duk awa biyu in ana waje. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole, abin da ƙungiyoyin zabiya suka daɗe suna nema. A haɗa da tabarau mai tare rana da riguna masu dogon hannu, masu kauri. Malfa kuwa ba sai an aiko da ita ba, tana nan a kowace kasuwar mako, sai dai a zaɓi mai faɗin baki da saƙa mai matsi, wadda ke rufe kunne da ƙeya. Aikin gona da kiwo a mayar wa yaron da sassafe da yamma, daga ƙarfe goma zuwa huɗu ya kasance a inuwa, a makaranta kuma a roƙi malam ya zaunar da shi a bencin gaba, nesa da taga.